Ƙoƙo Biyu da Wake Huɗu

Wata rana da dare, bayan an idar da sallar lisha, ina zaune a zaure ina duba littafin aikina a hasken fitila, sai wana ya yi sallama. Da na ga bai hau tabarma yadda ya saba ba, ya tsuguna nan bakin ƙofa, na san da magana a bakinsa. Muka gaisa. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ƙanwarmu ta aiko. Tana so a sa ranar yaran nan kafin a shiga aikin albasa."

Yaran da ya ke nufi su ne 'yarsa da ɗan ƙanwarmu. An yi alkawarin tun suna ƙanana, da suka girma kuma suka ga suna son juna. A garinmu Shinaka, da sauran garuruwan ƙasar Goronyo da Wurno da Rabah, ba auren da ya kai irin wannan daɗi wurin iyaye. Tuwona maina, in ji mutane. An san asali, an san hali, in an yi saɓani kuma a cikin gida za a kashe shi.

Abin da ya hana wana amsawa nan take sananne ne a gidanmu. Shi ma auren zumunci ya yi, da 'yar kawunmu. Ɗansu na fari tun yana wata takwas aka ga hannuwansa da ƙafafunsa suna kumbura, yana kwana kuka. Da ya soma tafiya sai ciwon ya koma ƙashi. In hunturu ya shigo, ko ruwan sama ya buge shi, sai ya kwanta yana murƙususu, idanunsa su yi rawaya kamar an ɗiga musu gangamau. Tsofaffi suka ce amosanin jini ne, waɗansu suka ce iska ce, aka yi ta saye-sayen magani. Yana shekara biyu aka kai shi asibiti a Sakkwato, aka ɗebi jininsa da na iyayensa. Likita ya ce sikila ce, gadonta a ke yi, kuma sai daga wajen uwa da uba duka biyu. Ya ƙara da cewa ma'aurata irinsu, cikin 'ya'ya huɗu a kan sami ɗaya mai ciwon. Yaron nan ya rasu yana da shekara tara, Allah ya jiƙansa.

To, wannan magana ta "ɗaya cikin huɗu" ita ce ta ruɗe mu. Muka dawo gida muka fassara ta yadda zuciyarmu ke so, watau ciwo ya riga ya ɗauki rabonsa, saura uku lafiyayyu. Ni da kaina, da a ke kira akawu, aikina kullum ƙidaya da rubutawa, ni na faɗa wa wana haka don in sanyaya masa zuciya, kuma na gaskata abin da na faɗa. Aka haifi mace lafiyayya, muka ce ga shi kuwa. Aka haifi na uku, namiji. Kafin ya shekara hannuwansa suka kumbura. Ran da wana ya nuna mini hannun jaririn nan bai ce mini kome ba, ya dai dube ni. Wannan kallo shi ya sa na shiga neman inda lissafina ya karkace. Na tambayi wani malamin asibiti da mu ke shiri da shi, na ari littattafai, na yi ta gwadawa da hannuna. Abin da na samo shi na ke so in shimfiɗa a nan, domin ku 'yan'uwana da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, in dai kun iya tarawa da ɗebewa da sau, kun riga kun mallaki kayan aikin duka.

Sunan wannan ilmi lissafin yiwuwa. Na san akwai wanda zai ji sunan ya ɗaure fuska, ya ce gaibu sai Allah. Gaskiyarsa. Mai duba da mai bugun ƙasa su ne ke riya sun san abin da zai faru gobe. Mai wannan lissafi kuwa, abin da ya ke fara furtawa shi ne bai sani ba. Sa'an nan ya zauna ya ƙidaya hanyoyin da abu zai iya bi, ya ga wadda ta fi faɗi. Kuri'a kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Suratu Ali Imrana an ba da labarin yadda aka jefa alƙaluma don a fid da wanda zai riƙi Nana Maryamu, a Suratus Saffati kuma an ambaci kuri'ar da aka yi da Annabi Yunusa a cikin jirgi. Nana A'isha ta ruwaito cewa in Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi tafiya, ya kan yi kuri'a tsakanin matansa. Ba zan ɓoye ba, a ƙasar Turai wurin 'yan caca wannan ilmi ya tsiro. A shekarar 1654 waɗansu masana biyu na Faransa, Pascal da Fermat, suka yi ta aika wa juna wasiƙu a kan tambayar wani ɗan caca, yadda za a raba kuɗin da aka zuba in an tashi wasa ba a ƙare ba. Amma wuƙar da a ke ɓarna da ita, da ita a ke yanka ragon layya. Ni dai a ganina, da samarinmu masu cacar ƙwallo a waya sun iya wannan lissafi da sun bari, gama za su gane mai cacar ya riga ya tsara ta yadda in an daɗe ana yi shi ne da riba.

Ina da wani kwabo mai huji na 1959 da na tsinta cikin akwatin mahaifinmu. Gefe ɗaya kambin sarauta ne, ɗaya gefen tauraro mai tsini shida. In na cilla shi sama, hanya biyu ce kawai, kuma ba wadda ta fi wata nauyi. Saboda haka a kan ce yiwuwar tauraro ɗaya ce cikin biyu, watau rabi. Tushen abin ke nan: ka ƙidaya hanyoyin duka, ka ƙidaya waɗanda ka ke nema, ka ɗora wannan bisa wancan. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ji ana nusufi da sulusi da rubu'i da sumuni, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai a kula, sai hanyoyin sun zama daidai wa daida. Wuri ma fuska biyu gare shi, baki sama ko baki ƙasa, amma ƙirarsa ba ɗaya ba ce, don haka ba ka da ikon cewa rabi da rabi. Wanda ke son sanin halin wuri sai ya jefa shi sau da yawa yana rubutawa.

Rabi ba ya nufin in ka jefa sau goma lalle tauraro ya fito sau biyar. Na sha samun bakwai, na sha samun uku. Sai jifa ta yi yawa ƙwarai sa'an nan lissafin ke nuna kansa. Wani malamin lissafi mai suna John Kerrich, da aka tsare a ƙasar Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya cika zaman kaɗaicinsa da jifan kwabo har sau 10,000, fuska ɗaya ta fito sau 5,067. Abin da ya fi wuyar shiga kai shi ne wannan: in tauraro ya fito sau biyar a jere, zuciya sai ta ce yanzu kam kambi na bin bashi. Alhali kwabo ba ya cin bashi, ba ya biya. Ba shi da ido balle ya ga abin da ya wuce. Jifa ta shida rabi ce, kamar ta fari.

Amma akwai wurin da abin da ya wuce ke da tasiri, kuma nan ne na faɗa rami. Mu goma ne mu ke adashi a wurin aiki. Ran da za a fara, a kan rubuta lamba ɗaya zuwa goma a 'yan takardu, a nannaɗe, a zuba cikin hula, kowa ya sa hannu. Wanda ya ɗauki lamba ɗaya shi ne da kwasar fari. In ni da abokina duka muna ciki, muka shirya ko wane ne ya samu a cikinmu zai ranta wa ɗan'uwansa, to, muna da biyu cikin goma, domin in ana cewa "wannan ko wancan", kuma ba su yiwuwa tare, tarawa a ke yi. Kowace shekara sai an yi gardama a kan wa zai fara sa hannu, wai na farko ya fi sa'a. Bari mu auna. Na farko yana da ɗaya cikin goma. Na biyu kuwa sai abu biyu sun faru: na farko ya kuskure, wannan tara cikin goma ke nan, sa'an nan shi ya dace cikin takardu tara da suka rage. In ana cewa "wannan da wancan", sau a ke yi. Tara sau ɗaya, tara. Goma sau tara, casa'in. Tara cikin casa'in kuwa ɗaya cikin goma ce. Haka za ka bi har kan na ƙarshe, kowa rabonsa ɗaya. Na nuna musu wannan a takarda, suka yarda, amma har yau ana gardamar.

Abin lura a adashi shi ne takardar da aka ɗauka ba ta komawa hula. In lamba ɗaya ta fita, ta fita ke nan, sauran mutum tara kowa ya san ba zai same ta ba. Wanda ya kwashi adashi ba ya sāke kwasa sai an zagayo. To, ni da na ji likita ya ce ɗaya cikin huɗu, sai na ɗauka ciwon nan adashi ne: takarda huɗu cikin hula, baƙar ta fita a kan ɗan fari, saura farare uku. Ashe irin na kwabo ne, ba irin na hula ba.

A daren nan da wana ya zo, na aika aka kawo mini ƙoƙo biyu daga cikin gida, da wake fari da wake ja. Na sa fari ɗaya da ja ɗaya a kowane ƙoƙo. Na ce, "Yaya, wannan ƙoƙon kai ne, wannan kuma matarka."

Ga bayanin da na yi masa, yadda malamin asibiti ya yi mini. A cikin jini akwai 'yan ƙwayoyi jajaye da ba a ganinsu sai da madubin likita, su ke ɗaukar iska su kai ko'ina a jiki. Na mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna rayuwa kamar kwana 120. Na mai sikila su kan lanƙwashe kamar lauje, su taurare, su toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke kawo azabar ciwon ƙashi ke nan, kuma ba su wuce kwana 10 zuwa 20. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar nan tasu a rubuce a 1910, sunan sikila ma daga sunan lauje ya fito a bakin Turawa. Kowane mutum yana da iri biyu na wannan hali a jikinsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Lafiyayyen iri likitoci na rubuta shi A, shi ne farin wake. Na ciwon S, shi ne ja. Mai fari biyu, AA, ba ruwansa. Mai fari da ja, AS, lafiyarsa lau, yana noma, yana dako, ba mai ganewa, shi kansa bai sani ba, amma yana ɗauke da irin. Mai ja biyu, SS, shi ne mai ciwo. Kowane ɗa kuwa iri ɗaya tak ya ke karɓa daga ubansa, ɗaya daga uwarsa, ba kuwa mai zaɓa.

Na ce wa wana ya rufe ido, ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowane ƙoƙo. Hanyoyi huɗu ne: fari da fari, fari da ja, ja da fari, ja da ja. Ɗaya ce ta ciwo, watau rabi sau rabi, rubu'i. Ya ɗauka, ya buɗe hannu, fari da ja. Ya ajiye su a gefen tabarma zai sāke ɗauka, sai na riƙe hannunsa na ce, "A'a, Yaya, mai da su cikin ƙoƙo." Ya ce don me? Na ce, "Domin haihuwa ba ta rage kome daga jininka. Jan waken da ka ba marigayi yana nan jikinka, na matarka ma yana nan. Kowane ciki sabuwar ɗauka ce daga ƙoƙon da bai ragu ba."

Ya daɗe yana duban waken nan. Sa'an nan ya ce, "Ashe wanga abu ba ya ƙarewa." Muka yi ta ɗauka muna mayarwa, ina ja masa layi a bayan takarda, har sau ɗari. Ja da ja ya fito sau ashirin da 'yan kai. Akwai inda muka yi ɗauka goma sha ɗaya bai leƙo ba, akwai inda ya fito sau uku a jere. Kai mai karatu, kada ka yarda da ni a kan wannan. Wake ba ya tsada, ka gwada da hannunka. Wanda ya fara gano gado yana tafiya bisa wannan lissafi ma da irin wake ya gano shi. Sunansa Gregor Mendel, wani malamin coci a Turai, ya buga sakamakon aikinsa a 1866. A wani gwaji ya ƙidaya ƙwaya 7,324 na wani waken ƙasarsu, ya tarar 1,850 masu yamutsattsen baya ne, sauran sumul. Ka raba ka gani, rubu'i ne har da ɗan ɗori kaɗan.

Wana manomi ne, ba ya karɓar magana da sauri. Ya ce, "To, ai ga su wane can unguwar gabas, an ce shi da matarsa duka suna da irin, ɗiyansu huɗu ba mai ko ciwon kai." Don in amsa masa sai na bi da shi ta gona, inda ya fi ni sani.

Na ce ya tuna yadda ya ke gwada irin masara kafin shuka. A kan ƙidaya ƙwaya ɗari, a shimfiɗa cikin jiƙaƙƙen buhu, bayan 'yan kwanaki a duba. A ce saba'in sun tsiro, talatin sun mutu. In ka sa ƙwaya ɗaya a kowane rami, cikin rami dubu wajen ɗari uku za su zama gurbi. In ka sa uku fa? Rami ba ya zama gurbi sai duka ukun sun mutu, ta fari da ta biyu da ta uku, saboda haka sau za a yi: uku sau uku sau uku, 27, cikin goma sau goma sau goma, 1,000. Daga ɗari uku an dawo ashirin da bakwai. Kakanninmu ba su rubuta wannan ba, amma hannunsu ya san shi, shi ya sa ba su shuka ƙwaya ɗaya. Akwai kuma dabara a ciki: in kana son sanin yiwuwar a sami ko da guda ɗaya, ka fara lissafa yiwuwar a rasa duka, sa'an nan ka ɗebe. Cikin dubu an ɗebe 27, saura rami 973 masu tsiro.

Amma fa wannan sau ɗin ba ya aiki sai in makomar kowace ƙwaya dabam ta ke da ta 'yar'uwarta. In ruwa ya ɗauke bayan shuka, ko ambaliya ta zo, ko ƙwaya goma ka sa tare za su tafi. Mu mutanen bakin Gulbin Rima ba a ba mu labarin wannan. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi yawa, madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ta cika ta tumbatsa, ruwa ya malale gonaki da ƙauyuka, har gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta karye. A shekarar nan wanda ke da gona uku duka a fadama ya gane gona ɗaya gare shi. Wanda ke da ɗaya a fadama, ɗaya a tudu, shi ne mai gona biyu. Haihuwa kuwa ba ta da irin wannan haɗi, kowane ciki da tasa ɗaukar, don haka ana iya yin sau ba fargaba.

Na ce, "To, Yaya, mu koma kan su wane. Kowane ɗa yana da uku cikin huɗu na kuɓuta. 'Ya'ya huɗu duka su kuɓuta: uku sau uku sau uku sau uku, 81, cikin huɗu sau huɗu sau huɗu sau huɗu, 256. Watau in ka tara gidaje 256 irin nasu, kowanne da 'ya'ya huɗu, wajen 81 za su zama kamar su wane, kusan sulusi ke nan. Su ka ke gani a kasuwa suna dariya. Sauran 175 akwai mai ciwo ɗaya ko fiye a cikinsu, kuma gidanka na cikinsu. In 'ya'yan sun kai shida, yadda a ke haihuwa a garin nan, gidajen da za su kuɓuta sarai 729 ne cikin 4,096, ba su kai ɗaya cikin biyar ba."

Ya ce, "Amma ɗiyata lafiyarta lau." Na ce haka ne, kuma wannan ya gaya mana abu ɗaya: ita ba ja da ja ba ce. Na kawar da wannan hanyar, saura uku a kan tabarma, fari da fari, fari da ja, ja da fari. Biyu daga cikinsu da ja a ciki. Saboda haka yiwuwar tana ɗauke da irin biyu ce cikin uku. Mutane da yawa su kan ce rabi, ni ma haka na zata da fari. Sabon sani ya kan sāke lissafi, in ya rufe wata hanya sai a ƙidaya waɗanda suka rage kawai.

Game da yaron kuwa, uwarsa cikinmu ɗaya da wana, tukunyar da aka ɗebo nasa jan wake ita aka ɗebo nata rabon. Ko da bare ne ma ba a tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa mutum 24 cikin ɗari a Nijeriya suna ɗauke da irin, kusan ɗaya cikin huɗu, kuma a kan haifi jarirai wajen 150,000 da ciwon kowace shekara. Ka gwada da kanka: miji ya zama mai irin, rubu'i, mata ma, rubu'i, ɗa ya ɗauki ja biyu, rubu'i. Huɗu sau huɗu sau huɗu, ɗaya cikin 64, watau wajen 16 cikin dubu. Hukumar ta ce wajen 20 cikin dubu ne. Ka ga lissafin zaure bai yi nisa da na manya ba. In ka tambaya me ya sa irin ya yi yawa haka a ƙasarmu, wani masani, Anthony Allison, ya nuna a 1954 a gabashin Afirka cewa yara masu fari da ja sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Abin da ke kāre mai guda ɗaya shi ke kayar da mai guda biyu. Ikon Allah ke nan.

Na soma lissafa rabon yaron a takarda, sai na ga wautar kaina na ajiye alƙalami. Abin da digon jini zai faɗa maka tabbas, don me za ka tsaya kana kintace? Lissafin yiwuwa na abin da ba a iya gani ne. Jihar Kano ma ta kafa doka a 2024 cewa sai an yi gwajin lafiya kafin a ɗaura aure, har da na wannan iri. Mu ba doka ce ta kai mu ba, tsoro ne. Kuma in faɗi gaskiya, a ranar ne ni ma na miƙa hannuna aka ɗebi nawa. Shekara da shekaru ina ce wa kaina 'ya'yana biyar lafiya su ke, ashe ba ni da shi, alhali na san uku cikin huɗu sau biyar 243 ne cikin 1,024, kusan rubu'i, ba hujja ba ce. Nawa ya fito fari da ja. Na mai ɗakina fari biyu. Ba dabarata ba ce ta kāre 'ya'yana.

Na yaran kuwa, duka biyu fari da ja.

Lissafi ya tsaya nan, ba ya yanke wa kowa hukunci. Ciwon ma ba yanke ƙauna ba ne a yau. Ɗan wana na uku yana nan da ransa, yana makaranta; ana kāre shi daga sauro da sanyi, yana shan ruwa da yawa, yana karɓar magani a asibiti, ko da ya ke shekara ba ta wucewa bai kwanta ba. Abin da na iya ƙarawa kawai shi ne na juye ƙoƙo ɗaya na sa fari biyu a ciki, na ce su ɗauka. Ko za su kwana suna ɗauka, ja da ja ba zai fito ba. Kowannensu in ya auri mai fari biyu, ba ɗansa da zai yi ciwon, kuma cikin mutanen ƙasar nan wajen uku cikin huɗu masu fari biyu ne.

Ƙanwarmu ba ta karɓi wannan ba. Ta zo har zaurena, ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, da wake za ka raba zumuncin da iyayenmu suka ƙulla? Kai ne ke ba da lafiya?" Na ce ba ni ba ne. Ta ce uku cikin huɗu ai rinjaye ne, in ana neman rinjaye. Ban sami abin ce mata ba, domin a kan ciki ɗaya gaskiya ta faɗa. Wana kuwa ya rasa inda zai sa kansa, ga 'yar'uwa, ga kabarin ɗa.

Yarinyar ce ta raba gardama. Ita ce ke kwana da ƙanenta in ciwon ya tashi, tana gasa masa ƙafafu da tsumma da ruwan ɗumi har asuba. Ta durƙusa gaban ubanta, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, ina son shi, Allah ya sani. Amma na ji kukan ƙanena, ba ni iya jin na ɗan cikina in san an gaya mini tun da wuri. A ba Gwaggo haƙuri." Ta faɗi haka ta tashi tana kuka. Aka mai da kayan da aka kawo. Yaron ya tafi cin rani Ikko bai yi wa kowa sallama ba.

Rani guda ƙanwarmu ba ta taka gidan wana ba, ba ta taka nawa ba. An cire albasa, an kai kasuwa, azumi ya zo ya wuce. Ran Sallah ƙarama da la'asar sai ga ƙaramin ɗanta ya yi sallama a zaure, ɗauke da kwanon tuwon shinkafa. Ya ajiye, ya gaishe ni, ya tsaya yana sosa ƙeya. Na ce da saƙo ne? Ya ce, "Kawu, Inna ta ce an fara neman auren yayata daga Wurno. Ta ce in ka sami sarari jibi ka zo, kuma ka taho da ƙoƙunan nan naka."